Taubasantaka a Ƙasar Bagudo: Wasa Mai Ɗauke da Alkawari

Wanda ya taɓa jiran jirgin fito a bakin ruwa wajen Kende, a ƙasar Bagudo inda Gulbin Kabi ke gangarowa ya haɗu da Kwara, ba zai rasa ganin irin wannan ba. Bakatsine ya sauke buhunan albasarsa, mai jirgi Bakabe ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai bawana, mi ka kawo ma ubangidanka?" Baƙon ya mayar masa, "Yaushe mai ƙarnin kifi ya yi bawa?" Jama'a su kwashe da dariya. In an kai gaci kuma, mai jirgin ne zai fara kama masa kaya, wata rana ma ya ƙi karɓar kuɗin fito.

Wannan ita ce taubasantaka. Tushenta cikin gida yake, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, sannan ta yi rassa har ta game al'ummu: Kabawa da Katsinawa, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. Akasari auratayya ce ta haife ta, ko yaƙin da aka sasanta, ko daɗewar maƙwabtaka.

Mai kallo daga nesa ba'a kawai yake ji, alhali wasan yana da dokoki. Taubashi ba ya fushi da taubashinsa, ba ya cin amanarsa, ba ya barinsa cikin kunya. Shi ne ke faɗa wa mai arziki cewa rowa ta yi masa yawa, maganar da ko ƙaninsa ba zai iya furtawa ba, kuma a haɗiye ta da murmushi. A watan Muharram ana bin juna kuɗin shara, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma yana sabunta zumunci kowace shekara.

Amfanin wannan ya fi fitowa a bakin iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta tsaga yankin nan, ta bar wasu dangi a Illo da Lolo, wasu a Segbana da Malanbil cikin Benin ta yau. Hausawa, Fulani, Dandawa, Zabarmawa, Kyangawa da Busawa kasuwa ɗaya suke ci, ruwa ɗaya suke sha. Inda harsuna suka yi yawa haka saɓani ba ya ƙarewa, kuma sau da yawa raha kan kashe wutar da alƙali ba zai iya ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun gane darajar taubasantaka, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya a 2014.

Sai dai al'adar tana da rauninta. Kalmar "bawa" tana da ɗaci a bakin wanda ba shi da hurumin faɗarta. Yau kuma a Facebook ana ganin matasa sun ɗauki zagin sun bar alkawarin, suna jifan ƙabilar da ba su taɓa cin tuwo da ita ba. Wannan cin mutunci ne, ba wasa ba.

Iyaye da malamai, in za ku koya wa yaro tsokanar taubashinsa, ku fara koya masa haƙƙin da ke kansa. Wanda ba zai kama maka kaya a bakin gulbi ba, ba shi da ikon kiranka bawansa.