Labaran Zane na Koriya a Wayar Hannu: Sharhi kan Zubi da Jigo

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya saba ratsa harabar Jami'ar Maiduguri zai ga ɗalibai a gindin bishiyoyin darbejiya, kowa ya sunkuyar da kai yana shafa fuskar waya da ɗan yatsa. Ba dukansu ne ke hira ba. Wasu karatun labari suke yi, kuma daga cikin abin da ake karantawa akwai labaran zane na Koriya ta Kudu, waɗanda ake kira webtun. A wannan maƙala za mu dubi asalinsu da zubinsu da jigoginsu, sa'an nan mu ga abin da ya shafi adabinmu.

2.0 Asali

Koriyawa sun daɗe da nasu labaran zane na takarda, masu suna manhwa. Karayar tattalin arzikin da ta auka wa ƙasashen Asiya a 1997 ta raunana kasuwar ɗab'i, sai masu zane suka koma intanet. Kamfanin Daum ya buɗe musu dandali a 2003, Naver ya biyo baya a 2004, kuma a 2014 Naver ya fara fitar da labaran cikin Ingilishi. Ta wannan ƙofa suka iso mana.

3.0 Zubi da Tsari

Abin da ya raba webtun da labarin zane na takarda shi ne rashin shafi. An jera hotunan daga sama zuwa ƙasa, tamkar zaren da ake warwarewa, mai karatu yana ja da yatsa. Wannan tsari ya ba mai zane iko a kan lokaci. In yana son zuciyar mai karatu ta tsinke, sai ya bar dogon fili fari ko baƙi tsakanin hoto da hoto, ya zama sai an yi ta ja kafin a ga abin da ke tafe. Filin nan yana yin aikin da shirun mai tatsuniya ke yi kafin ta faɗi abin da Gizo ya tarar a bayan ƙofa.

Na biyu, labarin yana fitowa ne kashi-kashi, galibi mako-mako, kuma kowane kashi yakan tsaya a inda ake ƙishirwar ci gaba. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da ita aku ya riƙe Musa ɗan Sarki a littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Bambancin shi ne, aku yana jan labari don ya ceci rai, kamfani kuwa yana ja don ya sami kuɗi. Tun 2014 dandalin KakaoPage ya fito da tsarin da mai karatu zai zaɓa, ko ya jira a buɗe masa kashi na gaba kyauta, ko ya biya ya karanta nan take. A ganinmu nan ne raunin zubin yake, domin labarin da tsawonsa ke kawo riba ba ya son ya ƙare, ko da jigonsa ya riga ya ƙare.

4.0 Jigo

Za mu ɗauki misalai biyu. Misaeng na Yoon Tae-ho, wanda ya fara fita a 2012, labarin wani saurayi ne, Jang Geu-rae, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wasan baduk, wani wasa mai kama da dara, bai kai ga zama gwani ba. Ya shiga wani kamfanin kasuwanci a matsayin ma'aikacin wucin gadi, ba shi da digiri. Babu dodo, babu takobi, sai fargabar ko za a sabunta masa kwantiragi. Da aka mai da shi wasan talabijin a 2014, ya ƙara jawo hankalin jama'a ga halin da irin waɗannan ma'aikata ke ciki. A nan zane ya yi aikin adabi na gaskiya, ya nuna wa al'umma fuskarta.

Solo Leveling kuwa, wanda Chugong ya rubuta a zube, aka mai da shi zane a 2018, labarin Sung Jin-woo ne, mafi rauni cikin mafarautan dodanni, wanda ya sami wata baiwa ta ƙaruwar ƙarfi ba iyaka. Zanensa abin yabo ne, amma tauraron ba ya girma a hankali ko a hali, ƙarfinsa kaɗai ke hawa. Mun fahimci dalilin da zai sa matashin da ya gama karatu ya rasa aiki ya so irin wannan labari. Sai dai yana koya masa cewa mafita tana ga mutum ɗaya tilo, alhali Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata kuma a tuna cewa mai zanen, Jang Sung-rak, ya rasu a 2022, rasuwar da ta tayar da magana kan nauyin aikin da ke kan masu zane.

5.0 Abin da Ya Shafe Mu

Kada mu ɗauka wannan al'amari yana nesa da mu. A 2021 Naver ya sayi Wattpad a kan kimanin dala miliyan 600, kuma Wattpad na cikin wuraren da marubutan Hausa, musamman mata, ke saka labaransu. Ke nan wani ɓangare na rubutunmu yana zaune a rumfar da Bakoriye ke da ita. Jikokin Adabin Kasuwar Kano, wanda irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka ɗaukaka, sun riga sun iya sakin labari kashi-kashi a waya, har da karɓar kuɗi kafin a karanta. Abin da ya rage shi ne haɗa marubuci da mai zane.

Abin rubutawa kuwa bai yi mana ƙaranci ba. Garin nan ya ga katsewar layukan waya a 2013, ya ga dogon duhun rashin lantarki daga 2021, ya ga ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024. Kowane ɗaya ya isa ya haifi Misaeng ɗinmu. Mun san akwai masu ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini, kuma wannan magana ce da ya dace a zauna da malamai a kanta, ba a kauce mata ba.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfin webtun yana cikin yadda ya sarrafa lokaci da kuma yadda, a wasu lokuta, ya fuskanci damuwar mutanensa. Rauninsa kuwa yana cikin jan labari don riba. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su karanta da idon manazarci, su ari dabarar, su zuba mata labarin Gwange da Bulumkutu da Kasuwar Monday. In ba mu zana kanmu ba, wasu za su zana mu yadda suka ga dama.