Ƙamshin da Ba Ya Fita a Hoto: Lalle da Lambun Zamani

Duk wanda ya tsaya wurin masu sayar da fulawoyi a gefen titunan Kano ko Kaduna zai ga shuke-shuke iri-iri jere cikin baƙar leda, amma da wuya ya ga lalle. Alhali lalle, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa suna Lawsonia inermis a 1753, yana jure fari da zafin bazara, yana yin shinge, ga kuma ƙananan furanni farare masu ƙamshin da har turare ake yi da su a Indiya. Me ya hana shi shiga lambu?

Dalili na farko na ciniki ne. Reshen lalle, in aka yanko aka dasa da damina, sai ya kama, kuma in ya kama ya daɗe. Mai sayarwa kuwa ya fi cin riba a kan shukar da za ta bushe baɗi a dawo masa. Na biyu, ido ne ke saye. Mai gida yana zaɓe daga cikin mota ko daga hoton waya, ƙamshi kuma ba ya fita a hoto. Na uku, mun ɗauki lalle a matsayin amfanin gona. Manomi ganye yake nema, yana yankan rassa kafin fure ya cika, har ta kai yarinya za ta sha ƙunshi tun ƙuruciya ba ta taɓa shaƙar furensa ba.

Adabinmu ma yana da nasa alhakin. A littattafan soyayya da yawa, in marubuci zai siffanta gidan attajiri sai ya shuka masa furen wardi, wanda ya fi jin daɗin sanyin Jos fiye da ranar Katsina. Lalle kuwa ba ya fitowa sai ranar kamu, a daka, a cikin kwano. Da haka mai karatu ya koyi cewa abin ado shi ne wanda ya zo daga nesa.

Wannan ra'ayi yana cin ruwa. A unguwar da ake sayen jarka daga 'yan garuwa, ban ruwan shukar da ba ta san ƙasar ba almubazzaranci ne. Marubucin da ya zaunar da masoyansa a gindin lalle da almuru ya fi kusa da gaskiyar ƙasarsa, kuma wataƙila wani mai karatu ya je ya nemo reshe.