Jinjina ga Malaman Wasanni na Kankiya da Kusada

A ƙwallon kwando mutum biyar na kowace ƙungiya ke shiga fili, amma dokar hukumar FIBA ta yarda ƙungiya ta zo da 'yan wasa 12. To, yaya malamin wasanni zai yi idan yara bakwai kacal gare shi, ɗaya ma yana ɗingishi?

A nan ake gane gwani. Wasan minti 40 ne, kashi huɗu, kuma duk wanda ya yi laifi biyar ya fita ke nan. Sai ka ga malam a bakin layi, ƙura ta buɗe masa ƙafa, idonsa na kan yaron da ya dafa gwiwa yana haki. Ya fitar da shi, ya miƙa masa ruwan leda, ya ce, "Huta kaɗan, ɗana, zan mayar da kai." Mai laifi uku kuwa ya adana shi sai kashin ƙarshe.

Ko an sha kashi, yaran sun koyi cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malaman makarantun Kankiya da Kusada, mun jinjina muku.