Matafiyi da Kasuwa: Keɓewar Kirista cikin Littafin John Bunyan

Littafin John Bunyan mai suna The Pilgrim's Progress ya fito a Landan cikin shekarar 1678, kashinsa na biyu kuma ya biyo baya a 1684. Kaɗan ne cikin littattafan Ingilishi suka yi yawo kamarsa. An juya shi zuwa harsuna wajen 200, kuma Isabel Hofmeyr ta nuna, cikin binciken da ta buga a 2004, cewa kamar 80 daga cikinsu harsunan Afirka ne, gama 'yan mishan su kan sa shi a hannun sabon tuba bayan Littafi Mai Tsarki. Saboda haka abin da littafin nan ya koyar game da zaman Kirista cikin jama'ar da ba ta bin tafarkinsa ba ƙaramin al'amari ba ne. Tambayar da za mu bi a takardar nan ita ce, da me Bunyan ya ce Kirista ya bambanta da maƙwabtansa? A ganinmu amsa biyu ya bayar, ɗaya a kashin farko, ɗaya a na biyu, wanda ya tsaya a na farko kuwa rabin magana ya ji. Tun da ya ke sunayen mutanen labarin sunayen halaye ne, mun sa su da Hausa yadda ma'anarsu ta ke.

I. Marubucin da zamaninsa

An haifi Bunyan a 1628 a ƙauyen Elstow, kusa da garin Bedford. Sana'ar ubansa ya gada, watau gyaran tukwanen ƙarfe da kwanoni, karatunsa kuwa bai yi nisa ba. Ya shiga wata ƙaramar jama'ar masu bi a Bedford waɗanda ba su yarda da tsarin Ikilisiyar Ingila ba, har ya zama mai wa'azi a cikinsu. Da Sarki Charles na Biyu ya hau gadon ubansa a 1660, sai aka kama Bunyan cikin watan Nuwamba saboda yana wa'azi ba da izini ba. Aka ce in ya yi alkawarin bari za a sake shi, ya ƙi. Shekara 12 ya yi a kurkuku, har 1672, alhali yana da 'ya'ya huɗu, babbar cikinsu makauniya ce. A can ya riƙa yin igiyoyin takalma ana sayarwa domin iyalinsa su sami abinci. Cikin shekarun nan dokar 1662 ta raba malaman coci wajen 2,000 da aikinsu, dokar 1664 kuma ta hana mutum fiye da biyar, ban da mutanen gida, su taru su yi sujada in ba bisa tsarin ikilisiyar hukuma ba.

Akwai abu ɗaya a nan da ya wajaba mai karatu ya riƙe. Duniyar da Bunyan ya keɓe daga gare ta ba ƙasar masu bautar gumaka ba ce. Alƙalan da suka ɗaure shi, da masu sarauta, da malaman da suka yi masa ba'a, duka Kirista ne, an yi musu baftisma, harshensu ɗaya da nasa, abincinsu ɗaya. Rigimarsa da su a kan gaskiyar ibada ta ke. Amma da littafin ya ƙetare teku ya iske sabon tuba a wani ƙauyen Afirka, da sauƙi ƙwarai yaron nan ya ɗauka Birnin Halaka shi ne garin ubansa, da harshensa, da al'adunsa duka.

II. Kashin farko: gudu daga birni

Labarin ya buɗe da wani mutum sanye da tsumma, da kaya mai nauyi a bayansa, da littafi a hannunsa. Ya karanta cewa za a ƙone birninsu, ya faɗa wa iyalinsa, suka ɗauka ya taɓu. Sai ya sheƙa da gudu, matarsa da 'ya'yansa suna kiransa, ya toshe kunnuwansa da yatsu. Daga nan har ya haye kogin mutuwa, tafiya ya ke yi. Ya faɗa cikin Taɓon Fid da Zuciya, Malam Wayon Duniya ya karkatar da shi zuwa ƙauyen Ladabi, kayansa suka faɗi a gindin gicciye, ya yi yaƙi da Afoliyon, ya kwana a kurkukun Ƙaton Yanke Ƙauna.

Inda tambayarmu ta fi fitowa fili shi ne Kasuwar Banza. Da Kirista da abokinsa Amintacce suka shiga, gari ya ruɗe, Bunyan kuma ya ba da dalili uku. Na ɗaya, tufafinsu dabam su ke da na 'yan kasuwa. Na biyu, maganarsu dabam ce, kaɗan ne ke fahimtarta. Na uku, sun ƙi ko duban hajar da a ke tallatawa, wadda ta haɗa gidaje da gonaki da sarauta da daraja, har da rayukan mutane. Aka kama su, aka sa su cikin keji, aka kai Amintacce gaban alƙali Maƙi Alheri, aka yanke masa hukunci, aka ƙone shi. Wanda ya san tarihin marubucin zai gane cewa shari'ar nan daga abin da idonsa ya gani ya tsara ta, shi ya sa ta fi yawancin littafin rai.

Gwanintar Bunyan a kashin nan ba ta da shakka. Ya san yadda mai addinin riba ke magana, kamar mutumin nan na garin Daɗin Baki wanda ba ya bin ibada sai lokacin da a ke yaba mata, ya kuma sa irin waɗannan su fallasa kansu da bakinsu. Har wa yau ya faɗa a fili cewa hanyar Birnin Sama ta tsakiyar kasuwar nan ta bi, ba ta da ratse. Amma sifar labarin ta ɗaure masa hannu. Tun da ya mai da rayuwa tafiya, dole duk wanda Kirista ya gamu da shi ya zama ko abokin tafiya ko abin tuntuɓe. Babu maƙwabci a kashin farko. Kirista ba ya noma, ba ya ciniki, ba ya renon ɗa, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa. Sau ɗaya, a Kyakkyawar Fada, wata budurwa mai suna Ƙauna ta tambaye shi labarin iyalinsa, ya yi kuka, sa'an nan ya ci gaba da tafiyarsa. Mai karatu ya kan fito da tunanin cewa keɓewa ita ce barin gida.

III. Ma'auni daga ƙarni na biyu

Domin mu auna wannan da kyau, sai mu aza shi kusa da wata tsohuwar takarda ta Helenanci da a ke kira Wasiƙa zuwa ga Diyognitus, wadda yawancin masana su ke sa ta cikin ƙarni na biyu na Miladiyya. Kwafi ɗaya tak ya tsira, aka same shi a Kustantiniya wajen 1436, aka buga shi a 1592, sa'an nan ya ƙone a Strasbourg cikin yaƙin 1870. Marubucinta yana amsa wa wani babban mutum wanda ba Kirista ba, da ya tambayi ko waɗanne irin mutane ne waɗannan. Taƙaicen amsarsa shi ne, Kirista ba su da ƙasa tasu, ko harshe nasu, ko tufa ko abinci na musamman. Inda rabo ya ajiye su nan su ke zaune, suna bin al'adar wurin. Bambancinsu a hali ya ke: suna aure suna haihuwa amma ba su yar da jarirai, kamar yadda a kan yi a daular Rum, suna ci tare amma ba su tarayya a kan mata, suna bin dokar ƙasa, halinsu kuma ya ɗara abin da doka ta nema. Daga nan ya kwatanta zamansu cikin duniya da zaman rai cikin jiki.

Sai a lura, abu biyu na farko da suka ta da Kasuwar Banza, watau tufa da harshe, su ne ainihin abu biyun da wasiƙar nan ta ce ba su bambanta Kirista da kowa. Gaskiya ne Bunyan da misali ya ke magana. Tufafin nan alama ce ta adalcin da aka suturta mutum da shi a gindin gicciye, harshen kuma zancen al'amuran ruhu ne. Amma misali yana da haɗarinsa, domin mai karatu ya kan riƙe hoton ya manta da fassarar. Abu na uku kaɗai, ƙin sayen hajar, shi ne ya tsaya daidai a littattafan biyu. A nan wasiƙar ta fi Bunyan tsabtar tunani. Shi kuma ya fi ta da abu ɗaya: ita jama'a ta yaba a dunƙule, ba mu ga fuskar kowa ba, shi kuwa ya nuna mana mutum guda mai tsoro da shakka, da abin da ƙin nan ya jawo masa.

IV. Kashi na biyu: zama cikin gari

Shekara shida bayan kashin farko, Bunyan ya koma ga matar da aka bari. Kiristiyana ta tashi da 'ya'yanta maza huɗu, Matiyu da Sama'ila da Yusufu da Yakubu, tare da wata yarinyar maƙwabta mai suna Rahama, da jagora mai takobi, Babbar Zuciya. Masu sharhi da yawa sun ce kashin nan bai kai na farko ƙarfi ba, kuma ta wajen tashin hankali da tsoro haka ne. Amma ta wajen tambayarmu ya fi shi zurfi. Tafiyar ta zama ta ayari. Ana jiran gurgu da mai raunin zuciya, ana ba yaro magani, ana ci ana sha, har da kiɗa da rawa. A masaukin Gayus aka ɗaura auren Matiyu da Rahama.

Abin mamaki shi ne abin da ya faru da suka isa garin Kasuwar Banza. Suka sauka a gidan wani tsohon almajiri, Manason, mazaunin garin, suka iske akwai masu bi da ke zaune a nan suna harkarsu, ko da ya ke sun ce sai da tsaro kullum. Suka daɗe a garin, Sama'ila da Yusufu suka yi aure, Rahama ta riƙa yi wa matalauta hidima har suka sa mata albarka. Da wani dodo ya riƙa fitowa daga daji yana kwashe yaran gari, Babbar Zuciya da abokansa suka fita suka yi masa rauni, mutanen gari suka soma ganin girmansu. A ƙarshen littafin ma, da Kiristiyana ta haye kogi, 'ya'yanta da matansu a wannan ƙetaren aka bar su, domin jama'ar masu bi ta ƙaru. Ashe wanda ya rubuta gudu daga birni ya zo ya rubuta zama cikinsa, ya kuma kusanci matsayin tsohuwar wasiƙar nan ta hanyarsa.

Kada a ce kashi na biyu ya soke na farko. Bunyan ya sa mutanen Manason su bayyana cewa garin ya yi sanyi ne domin jinin Amintacce ya yi musu nauyi, suna kunyar su sake ƙone wani. Watau zaman lafiyar Rahama daga ƙin da Amintacce ya yi ya samo asali. Wanda ya ɗauki kashi na biyu kaɗai zai iya zama kamar mutumin Daɗin Baki, wanda ya ɗauki na farko kaɗai kuwa zai iya ɗaukar ƙin mutane a matsayin tsarki.

V. Abin da ya shafi mai karatu Bahaushe

Bahaushe ba baƙo ba ne ga zancen gudun duniya. Waƙoƙin wa'azi na malaman ƙarni na 19 sun cika da sifanta duniya da tsohuwa mai ado mai yaudara, saboda haka Kasuwar Banza ba za ta ba shi wuya ba. Ya kuma san cewa waɗanda suka yi waƙoƙin nan sun yi aure, sun yi noma, waɗansu har sun riƙe mulki, domin a zuciya a ke gudun duniya. Wurin da za a yi tuntuɓe shi ne tufa da harshe, gama a ƙasar nan da riga da baki a kan san ko mutum ɗan gida ne.

Tarihin Kiristan Hausa na Zazzau ya nuna fuskokin biyu. Likita Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, zuwa 1929 kuwa mishan ɗin ya koma Wusasa, bayan ganuwa, domin hukumar zamanin ba ta so ya zauna cikin birni ba. Wannan keɓewa ce ta wuri. Duk da haka majami'ar da aka gina a can ginin ƙasa ce irin ta Hausa, Littafi Mai Tsarki na 1932 kuma da kalmomin da kowa ya sani ya yi magana, kamar Allah, Ubangiji, annabi, addu'a, zunubi da tuba. Daga cikin jama'ar nan John Tafida ya fito, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran farko da aka buga bayan gasar 1933. Addininsa bai fitar da shi daga adabin Hausa ba.

Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce, in za a karanta littafin nan da ɗalibai, a karanta kashi biyun tare, a kuma fara da tarihin Bedford domin su san da wa Bunyan ke jayayya. In an zo Kasuwar Banza, a sa su su rarrabe dalilan nan uku, su faɗi wanne ne misali, wanne ne hali. Sa'an nan a kai su gidan Manason su ga yadda marubucin da kansa ya amsa.