Amawali da Hoton Sarki

Daga Rano zuwa Kibiya har Nariya, ba wuya ka shiga shagon tela ko zauren mai unguwa ka tarar da hoton sarki a bango. Ka tsaya ka dube shi da kyau, za ka ga fuskar mutumin ce ta fi komai ƙaranci a ciki. Rawani ya sauko goshi, amawali ya rufe baki da haɓa, idanu da karan hanci kaɗai suka rage. Abin da ya cika hoton shi ne alkyabba, da sandar girma, da dogarai a tsaye cikin ja da kore. A ganina, irin wannan hoto gadon sarauta yake nunawa, wanda ke kai kuwa baƙo ne da zai wuce.

A Turai mai zane ne ya ɗauki nauyin nuna kwarjinin sarki. Lokacin da mai zane Rigaud ya zana Sarkin Faransa Louis na 14 a 1701, ya lulluɓe shi da mayafin sarauta, takobi a kwiɓi, kambi a gefe, amma fuskar a buɗe. A nan ba mu gaji masu zanen sarakai ba, kuma ƙyamar malamai ga zana mai rai tana da hannu a ciki. Aikin sai ya koma bakin maroƙa da makaɗan fada, da jikin sarkin kansa. Tarihin Kano ya jingina wa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shigo da kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Da kyamara ta iso, ta tarar an gama tsara kwarjinin sarki tun ɗaruruwan shekaru.

Wani zai ce mai ɗaukar hoto ba ya ƙara komai, abin da ya gani ya ɗauka, don haka kada a haɗa shi da mai zane. Maganar tana da gaskiyarta, sai dai ta manta cewa kafin a danna, fada ta riga ta zaɓi wanda zai tsaya a dama, da inda laima za ta faɗo, da lokacin da dogarai za su ɗaga rigunansu su kare sarki idan zai gyara zama. Abin da aka hana kyamara gani yana da nauyi kamar abin da aka nuna mata.

Rano ta shaida cewa gadon sarauta ke zama, wanda ke kai ke wucewa. An ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe a 2024, aka maido ta a daraja ta biyu cikin shekarar. Idanun da ke tsakanin rawani da amawali sun sauya, kirarin sarkin, Autan Bawo, kuwa yana nan a bakin maroƙan Rano.