Sifika Ta Ƙwace wa Yaranmu Amshi

'Yan uwa mazauna Sabo, ya kamata mu duba yadda ake sa yara waƙa a walimar sauka da taron Maulidi. Yanzu salon ya zama ɗaya: a jona waya da sifika, a saki ƙasidar da aka ɗauka a situdiyo da fiyano, a jera yara cikin anko suna motsa baki. Ado ya yi kyau, amma waƙar ba tasu ba ce.

Muryar da ke cikin wayar nan, an bi ta da kwamfuta an goge duk wata gargada. Ko mawaƙin kansa ba haka muryarsa take ba in ya tsaya gabanka. Yaro ya ji wannan, ya ji tasa, sai ya ɗauka shi bai iya ba. Malami kuma ya ƙarasa aikin: ya ware uku masu zaƙin murya, sauran a ce musu, "Ku yi shiru, kar ku ɓata mana." To wanda aka gaya wa haka yana ɗan shekara 7, yaushe zai sake buɗe baki?

Ai waƙarmu a kan bayarwa da amshi aka gina ta. Haka ake karatun Ishiriniya, haka 'yan mata ke gaɗa a dandali, haka yara ke tashe da azumi. Ba a tambayar kowa ko muryarsa na da daɗi. Maƙwabtanmu Yarabawa ma, daga waƙar samari masu tashin sahur, wadda suke kira were, kiɗan Fuji ya fito, har Sikiru Ayinde Barrister ya yi suna da shi.

Ba na cewa a jefar da waya. Kaset ne ya adana mana muryar Mamman Shata da ya rasu a 1999, da ta Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015, kuma ɗan da aka haifa nan Kudu yana tsintar Hausa mai kyau a ciki. Amma a saurara, a koya, sannan a kashe.

Malamanmu na Islamiyya, don Allah ku bayar da bakinku ko da muryar ta dushe, aji duka ya amsa. Mu iyaye kuma, in yaro na rerawa a tsakar gida, mu bar ce masa ya cika mana kunne. Allah Ya shirya mana zuriya.