Jinjina Ga Masu Tsara Shafukan Intanet

A da, mai gina shafin intanet yakan cusa rubutu da hotuna cikin jadawali, gida cikin gida. In ana son sauya launi ko faɗi, sai an bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ana warwarewa. A 1994 Håkon Wium Lie ya kawo shawarar CSS, hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da shi a ƙarshen 1996. Daga nan aka raba rubutu da adonsa: fayil guda ke riƙe da launi, girman harafi da tsari, a gyara shi sau ɗaya, duk shafukan su bi.

Masu wannan sana'a a Kano, ina jinjina muku. Ba kowa ke ganin wahalarku ba, amma ɗalibar Tudun Wada da ke duba sakamakon jarrabawa a ƙaramar waya tana cin moriyarta. Can wajen Doguwa, a gefen Dajin Falgore, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, shafi marar nauyi ne ke buɗewa kafin data ta ƙare. Ku riƙa gwada aikinku a irin waɗannan wayoyi kafin ku miƙa shi. Allah Ya ƙara basira.